Return of the Obra Dinn

Return of the Obra Dinn wasan bidiyo ne na bincike da wasa ƙwaƙwalwa, wanda Lucas Pope, Ba'amurke mazaunin ƙasar Japan, ya ƙirƙira. An sake shi a ranar 18 ga watan Oktoban 2018 domin kwamfutoci masu aiki da Windows da macOS, sannan bayan shekara guda cif, a ranar 18 ga Oktoban 2019, ya fito a na'urorin Nintendo Switch, PlayStation 4 da Xbox One. Ɗan wasa yana fitowa ne a matsayin jami'in inshora na kamfanin East India Company, wanda aka tura cikin wani jirgin ruwan fatauci da ya ɓace tsawon shekaru kafin ya dawo babu mai rai ko ɗaya a cikinsa. Aikin jami'in shi ne ya gano sunan kowane ɗaya daga cikin mutum 60 da suka hau jirgin, da abin da ya same shi, da wanda ya kashe shi idan kashe shi aka yi.

Wasan ya samu karɓuwa sosai wurin masu sharhi da kuma 'yan wasa, kuma ana yawan ambatonsa idan ana lissafin wasannin bincike da suka fi fice. Duk da haka akwai abubuwa da dama a cikinsa da har yau masu buga shi ba su daina saɓani a kansu ba.

Labarin wasan

Jirgin Obra Dinn ƙirƙirarre ne, amma kamfanin da ya mallake shi a labarin na gaske ne, wato kamfanin Ingila da ya mamaye cinikin Indiya da gabashin Asiya. A labarin, jirgin ya tashi daga Landan a shekarar 1802 zuwa Gabas, ta hanyar zagaye ƙurewar kudancin Afirka. Bai isa can ba, aka ayyana shi a matsayin ɓatacce a 1803. A watan Oktoban 1807 sai ga shi ya ɓullo kusa da tashar Falmouth ta Ingila da yagaggun filafilai. A ƙasar Hausa waɗannan su ne shekarun farko na jihadin Shehu Usmanu Ɗanfodiyo, wanda ya yi hijira zuwa Gudu a 1804.

Mutum 51 ma'aikata ne, 9 fasinjoji, ƙarƙashin kyaftin Robert Witterel. Masifar ta fara da ƙananan abubuwa: kaya sun faɗo sun danne wani matuƙi, ciwon huhu ya kashe Indiyawa biyu. Babbar fitinar ta taso ne daga wani akwati da fasinjoji 'yan gidan sarautar Formosa, wato Taiwan ta yau, suke ɗauke da shi. Mataimakin kyaftin na biyu, Edward Nichols, ya je satar abin da ke cikin akwatin, wani fasinja ɗan Italiya mai suna Nunzio Pasqua ya gan shi, shi kuwa ya kashe shi ya ɗora laifin kan mai gadin akwatin, Hok-Seng Lau. Aka rataye Lau aka harbe shi a gaban jama'a kan laifin da bai aikata ba. Daga nan Nichols ya gudu da akwatin a ƙananan jirage, 'yan ruwa suka far musu, aka kamo uku daga cikinsu aka kulle a ƙasan jirgi. Wannan kamu shi ya jawo harin wasu halittu da ke hawan manyan ƙaguwoyi, sannan na ƙatuwar dabbar teku mai hannaye da yawa da Turawa ke kira Kraken. Waɗanda suka tsira daga dabbobin sun ƙarasa juna da hannunsu. Mutum huɗu kaɗai suka kuɓuta zuwa Afirka, cikinsu har da likitan jirgin, Henry Evans, wanda daga Maroko ya aiko wa jami'in inshora littafi da agogo.

Yadda ake buga shi

Agogon aljihun da Evans ya aiko, mai suna Memento Mortem, shi ne ƙashin bayan wasan. Idan jami'in ya tsaya kan gawa ya buɗe shi, allo yakan yi baƙi, a ji muryoyi da ƙarar abin da ya faru a daƙiƙoƙin ƙarshe na rayuwar mamacin. Daga nan sai wurin ya bayyana a daskare, daidai lokacin fitar rai: harsashi na tsaye a iska, mutane na tsakiyar gudu, babu mai motsi. Ɗan wasa yana iya zagayawa cikin wannan hoto ya duba kowace fuska da kowane lungu. Sau da yawa a cikin hoton akwai wata gawar, ita ma sai agogon ya kai shi lokacin mutuwarta. Da haka ake bin labarin, galibi daga ƙarshe zuwa farko.

Littafin kuwa yana ɗauke da babi goma, da taswirar jirgi, da jerin sunayen mutanen 60 tare da muƙaminsu da ƙasarsu, da zane-zanen fuskokinsu da wani mai zane a cikin jirgin ya yi. Abin da babu shi ne haɗin suna da fuska. Kaɗan ne ake kiran sunansu a fili. Sauran sai an duba tufafi, da lafazi, da ɗakin da mutum yake aiki, da waɗanda yake zama da su, da lambar da ke jikin gadon lilon da yake kwana a ciki. Fuskar mutum a zanen takan kasance dishi-dishi har sai wasan ya nuna isassun alamun da za a iya gane shi.

Wasan ba ya faɗa wa mutum ko amsa guda daidai ce. Sai an cika amsoshi uku daidai, suna da sanadin mutuwa da makashi, sannan littafin ya tabbatar da su gaba ɗaya ya mayar da rubutun hannu zuwa na ɗab'i. Dab da ƙarshe adadin yakan ragu zuwa biyu. An yi hakan ne domin a hana mutum gwada sunaye ɗaya bayan ɗaya har ya dace. Babi na takwas a rufe yake har sai an warware 58 an bar jirgin. Bayan shekara guda a labarin sai littafin ya dawo tare da busasshen hannun birin likita, wanda da shi ake ganin mutuwa biyun da suka rage.

Ƙirƙira

Pope ya yi aiki a kamfanin Naughty Dog a kan wasannin Uncharted kafin ya koma Japan. Ya yi suna da Papers, Please na 2013, wasan da ake fitowa a matsayin jami'in shige da fice mai duba fasfo. Ya fara aikin Obra Dinn a 2014, ya saki ɗan samfuri a shekarar, yana tsammanin aikin ba zai ɗauki lokaci ba. Sai da ya ci shekara huɗu da rabi. Shi ya rubuta labarin, ya yi zane, ya tsara manhajar a kan Unity, ya kuma haɗa kiɗan. Muryoyi da fassara ne ya nemi wasu suka yi.

Launi biyu kacal wasan yake amfani da su, a kwaikwayon allon tsofaffin kwamfutocin Macintosh na shekarun 1980 da Pope ya taso da su. Inuwa da haske ana yin su ne da ɗigo-ɗigo. Matsalar ita ce idan hoto ya motsa ɗigon yakan yi ta rawa yana gajiyar da ido, kuma Pope ya ɓata lokaci mai tsawo kafin ya samu hanyar da zai sa su tsaya wuri ɗaya yayin da ɗan wasa ke juyawa. Ana iya sauya launukan biyu zuwa na wasu tsofaffin alluna, kamar kore da baƙi na IBM.

Ra'ayoyin 'yan wasa

A kasuwar wasanni ta Steam, ra'ayoyin waɗanda suka saye shi sun kai shi matakin yabo mafi girma da kasuwar ke bayarwa. A Metacritic, mai tattara makin masu sharhi, na kwamfuta ya samu 89 cikin 100.

Abin da aka fi yabawa shi ne wasan yana barin mutum ya yi binciken da kansa. A wasannin bincike da yawa da suka gabace shi, irin su L.A. Noire na 2011, mai wasa yana tattara shaidu, amma jarumin labarin ne yake haɗa su ya faɗi ma'anarsu, ko kuma a ba da amsoshi uku a ce a zaɓi ɗaya. A Obra Dinn jami'in ba ya cewa komai game da abin da ya gani. Idan ɗan wasa ya gane cewa mutumin da ya mutu a babi na bakwai shi ne wanda ke kwance a gado mai lamba kaza a babi na biyu, a kansa ganewar ta faru. Shi ya sa mutane da yawa suke buga shi da biro da takarda a gefe, wasu kuma su biyu ko uku a gaban allo guda suna gardama. 'Yan wasa sukan ambaci ɗan kiɗan da ke tashi idan amsoshi uku suka tabbata a matsayin lada mafi daɗi a wasan.

Daga wannan yabon ne kuma wani ƙorafi ya fito. Wanda ya gama wasan ya san amsoshin, babu abin da zai koma ya yi, kuma dukkansa bai cika wuce awa takwas zuwa goma sha biyu ba. Maganar da ta fi yawa a bakin masoyansa ita ce fatan su manta komai su sake farawa. Wasu suna ɗaukar wannan a matsayin aibi idan aka duba kuɗin saye, wasu kuma suna cewa haka kacici-kacici yake, ba a tambayar mutum shi sau biyu.

Zanen ya raba kan mutane fiye da komai. Masu sonsa suna cewa ya yi kama da hotunan tsofaffin littattafai, kuma rashin launi yana sa a iya kallon munanan mace-mace ba tare da tashin zuciya ba. Yana kuma tilasta lura da siffa maimakon launi. Amma akwai waɗanda suka ce yana sa su ciwon kai ko jiri, har wasu suka ajiye wasan saboda haka kawai. Shawarar da 'yan wasa ke ba juna ita ce a rage girman hoton a allo ko a sauya launi. Wani lokaci kuma zanen yana ɓoye abin da ya kamata a gani: a cikin hayaƙi da ruwan sama, ba koyaushe ake gane ko igwa ce ta danne mutum ko hannun dabba ne ya matse shi ba.

Ƙorafin da kusan kowa ya yarda da shi, har da masoya, shi ne na zirga-zirga. Littafin ba ya buɗe hoton mutuwa. Duk mai son sake duba wani abu sai ya taka zuwa inda gawar take, wataƙila hawa uku a ƙasa, wani lokaci ma sai ya bi ta wata gawar. A rabin farko na wasan wannan ba ya damun kowa. A ƙarshe, lokacin da ya rage mutum goma sha biyar kuma ana buƙatar kwatanta hotuna biyar, yakan zama wahala. Haka nan a karon farko da aka shiga kowane hoto sai an jira wani ɗan lokaci kafin littafi ya buɗe, ko da mutum ya gama dubawa, kuma idan bai gama ba za a katse shi. Sannan akwai farin hayaƙin da ake bi daga gawa zuwa gawa, wanda yakan yi kewaye-kewaye kafin ya tsaya. Masu kare wasan suna cewa tafiyar ce take sa a san jirgin kamar gida, kuma sanin ɗakuna yana cikin hanyoyin gane mutane. Hujjar tana da ƙarfi a awannin farko, amma ba ta amsa kukan wanda ya riga ya haddace jirgin ba.

Batun harshe da ƙabila

Ma'aikatan jirgin daga ƙasashe da yawa suke, kamar yadda jiragen wancan zamani suke: Ingilishi, 'yan Scotland da Ireland da Wales, Indiyawa, Sinawa, Rashawa, 'yan Austiriya, da ɗaiɗaiku daga Sweden, Denmark, Poland, Faransa, Farisa da New Guinea. Akwai ɗan Afirka ta Yamma guda, matuƙi Hamadou Diom daga Saliyo. Kowa yana magana da harshensa ko da lafazin ƙasarsa, kuma maganar da ba ta Turanci ba tana fitowa a rubuce da harshenta tare da fassara.

Wannan ya sa harshe ya zama shaida. Wanda ya iya bambance lafazin ɗan Ireland da na ɗan Scotland yana da makamin da wani ba shi da shi. 'Yan wasan da Turanci ba harshen uwa ba ne gare su sun sha nuna cewa wannan alamar ba ta yi musu aiki. A kunnensu duk Turanci ne. Ɗan wasa daga Sakkwato ko Maraɗi zai fahimci matsalar idan ya juya ta: Bahaushe yana jin kalma biyu ya san Basakkwace ne ke magana ba Bakano ba, amma baƙon da ya koyi Hausa a aji ba zai ji bambancin ba. Wasan ya rage kaifin matsalar da yake akasarin mutanen suna da wata alamar ta daban da ido ke gani, amma ba duka ake saurin samunta ba.

Kalmomin aikatau ma sun jawo gardama. Sanadin mutuwa ana zaɓarsa ne daga jerin kalmomi, kuma wasu suna kusa da juna: suka da mashi daban, suka da ƙayar dabba daban, suka da wuƙa daban, sara da takobi daban. Mutumin da dabba ta ja cikin teku, nutsewa ya yi ko cinye shi aka yi? A wurare da yawa wasan yana karɓar amsa fiye da ɗaya, amma ba ya faɗa, don haka ɗan wasa yakan zauna yana zargin kalmar alhali sunan ne ba daidai ba. Fassara wannan tsari zuwa wasu harsuna ya ba Pope da masu fassararsa wahala, domin jimlar ana gina ta ne guntu-guntu, kuma a harsuna da dama siffar aikatau tana sauyawa bisa jinsin mamaci da na makashi. Da za a fassara shi da Hausa haka za a yi fama: «ya harbe shi», «ta harbe shi» da «ya harbe ta» jimloli uku ne da kalma ɗaya ta Turanci take ɗauka.

Mafi nauyin saɓani shi ne yadda ake gane mutane ta kamanninsu. Wasan yana sa ɗan wasa ya yi tunani irin na ma'aikacin kamfanin mulkin mallaka: mai rawani da lanƙwasasshen takobi shi ne Bafarishe, mai zane a jiki shi ne ɗan New Guinea. Wasu 'yan wasa sun ce wannan bai yi musu daɗi ba. Sun kuma lura cewa hafsoshi Turawa suna da sunaye da ake kira da labarin da ake bi, yayin da Sinawa huɗu masu hawa filafilai kusan babu mai kiran sunansu. Hanyar da aka tanada ta bambance su ita ce a duba takalmansu da ke leƙowa daga gadajen lilo a daren da suke barci, a haɗa da lambar gadon. Mutane da yawa ba su taɓa ganin wannan alamar ba, sun yi ta musanya sunayen huɗun har littafi ya karɓa. Ɗaya ɓangaren yana cewa haka jirgin kamfani yake a 1803, kuma wasan da kansa yana kama mai saurin hukunci da kamanni. Misalin da aka fi kawowa shi ne na kafintoci biyu Amurkawa: da yawa sun ɗauka farin shi ne babban kafinta, baƙin kuma yaronsa, sai littafi ya ƙi amsa, domin Winston Smith, babban kafintan, shi ne baƙar fata.

Ƙarshen wasan yana ƙara wa wannan muhawara nauyi. Bayan an gama, kamfani yana fitar da lissafi: wane za a biya magadansa albashin da ya rage, wane za a ci dukiyarsa tara. Hok-Seng Lau, wanda aka kashe bisa ƙarya, a littafin ba Nichols da ya yi masa ƙazafi ake rubutawa a matsayin makashinsa ba, ba kuma kyaftin da ya ba da umarni ba. Ana rubuta matuƙin da harsashinsa ya same shi, cikin mutum huɗu da suka yi harbin. Dole ɗan wasa ya bi layin harsasan ya gano wanda bai kuskure ba. Wasu suna ganin wannan gazawar tsarin wasan ce, wasu kuma suna ganin da gangan aka yi, domin takardar inshora hannun da ya kashe take tambaya, ba ruwanta da wanda ya kitsa.

Game da labarin kansa, akwai waɗanda suka so ya tsaya kan tawaye da cin amana tsakanin mutane, suka ji shigowar 'yan ruwa da Kraken ta rage masa daraja. Wasu kuma fitowar Kraken ba zato, tun a farkon wasan, ita ce abin da suka fi tunawa. Babi na takwas da aka ɓoye har ƙarshe shi ma bai gamsar da kowa ba, domin mai lura ya riga ya hango mafi yawan abin da ke cikinsa.

Lambobin yabo da tasiri

Wasan ya ci kyautar tsarin zane a bikin The Game Awards na 2018. A 2019 ya ɗauki babbar kyautar Seumas McNally a bikin wasanni masu zaman kansu na Independent Games Festival, wadda Pope ya taɓa ci da Papers, Please a 2014, sannan ya samu kyaututtuka biyu na BAFTA a Birtaniya, ɗaya ta zane ɗaya ta tsarin wasa.

Kafin fitowarsa, Her Story na Sam Barlow, na 2015, ya riga ya nuna cewa ana iya barin ɗan wasa ya haɗa labari da kansa. Bayansa kuma an samu jerin wasanni da suka bi sawunsa, musamman dabarar tabbatar da amsoshi a dunƙule. The Case of the Golden Idol na 2022, wanda wasu 'yan'uwa biyu daga Latbiya suka yi, yana sa a cike gurbin jimloli game da daskararrun hotunan kisa. Chants of Sennaar na 2023, daga Faransa, ya ɗauki dabarar ya mayar da ita kan gano ma'anar ƙirƙirarrun harsuna. The Roottrees are Dead kuwa ya mayar da ita kan gano asalin dangi. Masu neman wasa mai kama da Obra Dinn waɗannan ake fara nuna musu.

Pope bai yi wa wasan ci gaba ba. Aikinsa na gaba shi ne Mars After Midnight na 2024, a kan ƙaramar na'urar Playdate. Papers, Please ya iso wayoyin Android da iPhone a 2022, shi kuwa Obra Dinn an yi shi ne domin kwamfuta da na'urorin wasa, abin da ya taƙaita isarsa ga masu wasa a Najeriya da Nijar, inda waya ce na'urar da ta fi yawa a hannun matasa. Ba ya buƙatar kwamfuta mai ƙarfi sosai, kuma bayan an sauke shi ana buga shi ba tare da intanet ba.